Malam Aƙilu da Kwalbar da Aka Kankare Sunanta

Kullum da safe, kafin Malam Aƙilu ya amsa gaisuwar kowa, sai ya gama jujjuya kwalaben da aka kawo shagon maganin nan na Nassarawa, ido ɗaya a kanne. Bai yarda da dillali ba, bai yarda da sabon kwali ba. Ko mu maƙwabtansa sai mun nuna takardar likita, abin har haushi yake ba mu. A watan nan zai ajiye aiki.

Bara, da jiragen ruwa masu dakon siminti suka cushe tashar Ikko, maganin farfaɗiyar da aka saba da shi ya yanke. A manyan gidajen unguwar nan kuwa ba a ambaton wannan ciwo. Direba ake aikowa da kwalba, an kankare sunan mai ita. Haka Ɗahiru, direban Alhaji Zubairu, ya zo.

Mai shagon, ubangidan Malam, ya ce, "Ga na wani kamfani nan, duk abu ɗaya ne. Juye masa a tsohuwar kwalbar, wa zai sani?"

"Jikin mai sha zai sani," in ji Malam. "Ɗahiru, wa ke shan wannan?"

Da Ɗahiru ya kai labari, Alhaji ya ɗauka so Malam yake ya tona masa asirin gida, ya aiko da kashedi. Malam ya hau kekensa, ya kafe a ƙofar gidan har aka gaji aka shigar da shi. Ashe Raliya ce, 'yar Alhaji, malamar firamare a Giginyu.

Ya ce, "Malama, ƙwayarki ta yanke, akwai wata. Wasu ba sa jin bambanci, wasu kan faɗi kafin jiki ya saba. Zan tuntuɓi likitanki, amma sai na fara jin ta bakinki."

Ta daɗe tana kallonsa, tana neman inda tarkon yake. Can ta ce, "In na faɗi a gaban 'yan ajina, ni da koyarwa har abada. A bari sai an yi hutu."

Saura mako uku a yi hutun, ƙwayar kwana biyar ce ta rage mata. Ya bi shagunan Fagge da Sabon Gari yana tsinto tsohuwar, goma nan, bakwai can, kowace sai ya ƙare mata kallo, har ta kai Raliya lokacin hutun lafiya.

Kai ne, Malam, mai taurin kan da muka sha yi wa gunaguni. Mun ji kunya, mun kuma gode, Allah Ya saka da alheri. Ku da ke ba da magani, ku yi koyi da shi, ku riƙa tambayar mai haɗiya. Raliya, wadda da kanta ta ce a sa sunanta a wannan rubutu, shekara goma sha ɗaya ta yi tana shan maganin nan kafin wani ya ce da ita, "Kin yarda?"