Fukafukan Abu Firas

Da an idar da sallar Asuba, Ustaz Nazim, wanda unguwarmu a Basra ke kira Abu Firas, yakan buɗe ɗan shagonsa ya zauna da samfefa a hannu. Aikinsa ke nan tun gashinsa na baƙi: ƙera ƙananan rokokin wasa don 'yan makaranta. Yakan yanka fukafukai daga katakon balsa, wanda bai fi busasshen kara nauyi ba, ya goge, ya manna musu takarda da gam, ya danne su da tiren shayi kada su lanƙwashe. Bututun kwalin da ke zama jikin roka kuwa, sai ya cike kowace tsaga ya sake gogewa. Kuskure ɗaya ne ba ya yafewa: yankan da bai bi jijiyar katako ba, don a sama iska za ta karya shi.

Sai yaƙi ya ɓata wa roka suna. Iyaye suka janye 'ya'yansu, hukuma ta hana harbawa.

"Abu Firas, waɗanda suka faɗo mana ba su ishe ka ba?" in ji Jabbar mai burodi, maƙwabcinsa.

"Nawa da lema suke saukowa, Jabbar. Kai dai kula da burodinka, ga shi can yana ƙonewa."

Bai daina ba, ko da idonsa ya mutu. Da leɓe yake gane jijiyar katako yanzu. Abin da ke cin ransa shi ne kada ya tafi bai bar wa kowa wannan aiki ba.

A bana, Shaza, tsohuwar ɗalibarsa da ta zama malamar kimiyya, ta samo izinin harbi ɗaya a bayan gari, ta aika wa makarantu goron gayyata. Tsohon ya cika kwali da katako da samfefa don ya raba wa yara. Ban da shi, daga ita sai Jabbar suka je.

Da rokar ta tashi da ƙara, Jabbar ya zube ƙasa ya rufe kai, bai ma san ya yi ba. Ba wanda ya yi dariya. Shaza ta tsinto ta ta miƙa wa tsohon, ya bi fukafukan da yatsa.

"Ko ɗaya bai karye ba!" Ya juya wajen da babu kowa sai rairayi. "Ku matso ku taɓa mana, 'ya'yana."

Shaza ta sunkuya ta rufe kwalin.

Kai ne ka so yaranmu su ɗaga kai sama ba don tsoro ba, Abu Firas, mai hannun haƙuri. Mun gode, kuma mun ba ka kunya. Wallahi abin yana min ciwo.

Duk mai ɗa ko 'ya, ya kama hannunsa ya kai shi shagon nan tun ƙofar tana buɗe. Kwalin yana nan cike. Har yau tsohon yana gaya wa Jabbar wai kunya ce ta hana yaran matsowa.