Ranar da Na Ƙi Wuce Yayana

Akwai wata ƙara da keken tsere ke yi idan mahayinsa ya daina taka feda, ya bar tayar baya tana gudu ita kaɗai. Tsirrr, kamar ana zuba gero a faranti. Jiya na ji ta a bakin tashar jirgin ƙasa ta Abbey Wood, wani yaro ya wuce ni a guje, sai da na tsaya na dafa bango. Duk shekarun nan ba su hana gabana faɗuwa ba. Bari in gaya maka dalili.

A Plumstead, wata unguwa a London, muka tashi, ni da Yaya, a hawa na uku na wani dogon gini mai warin soyayyen albasa da jiƙaƙƙen kafet. Iyayenmu a asibiti suke aiki, saboda haka aka ɗauko Kaka daga Kano ta riƙe mu. Bature ya gina gidan, hukuma ke da shi, amma Kaka ke mulki. Sanyin London ya fi ƙarfinta, ta haƙura ta sa safa biyu, amma dokarta ba ta sassauta ko ta kwana ɗaya ba. Yaya ya girme ni da shekara ɗaya da 'yan watanni, a wurin Kaka kuwa kamar ya haife ni. Shi zai fara sa hannu a kwano. Shi zai fara zaɓar nama. A matakala shi ne gaba. Ranar da na riga shi shiga lif, kunnena ya kwana yana zafi. Ta ce, "Ƙani a bayan wansa yake, ko masallaci za su."

Harkar keke kuwa Kawu ne ya kawo mana ita, ƙanin mahaifiyarmu. Direba ne a wani ofis da ke Northumberland Avenue, amma da ƙuruciya ya yi wa jiharsu tsere, kuma bai taɓa bari a manta ba. Duk ƙarshen lokacin zafi, idan wani babban tseren keke na kwanaki ya zo ƙarewa a tsakiyar gari, yakan kai mu kusa da Charing Cross mu tsaya a bakin shingen ƙarfe.

Ba zan manta zuwan farko ba. Mutum huɗu masu riga iri ɗaya suka taho a jere, taya na kusan taɓa taya, iskar wucewarsu ta kusa cire mini hula. Na gaba yana gudu kamar ransa zai fita. Can sai na ga ya ɗan kaɗa gwiwar hannu, ya kauce gefe, ya saki feda. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Wanda ya wuni a ɓoye a bayansu shi ya fito ya ci. Na saki baki. Na ce, "Kawu, sayen su aka yi?"

Ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Iska suke tare masa, yaro. Na gaba shi ke shan iska, na baya yana hutawa. Idan na gaba ya ƙare ƙarfinsa ya kauce, to ya gama nasa. Saura na baya ya biya shi."

Daga nan Kawu ya sa mu a wata ƙungiyar yara masu tsere. Yaya doki ne, ba ya gajiya, zai yi awa biyu yana sara iska bai yi haki ba. Ni kuwa rago ne a doguwar tafiya, amma idan aka kai ni kusa da layin ƙarshe da sauran ƙarfina, babu yaron da ke ganin ƙeyata sai daga nesa.

Shekarar da Yaya zai fita daga ajin yara aka yi wani tsere na kwana uku a wani fili da ke wajen gari. An sanar cewa wata babbar ƙungiya za ta ɗauki yara ukun da suka fara tsallake layi a rana ta ƙarshe, ta horar da su. Yaya ya zo na uku a rana ta farko, ya sake zuwa na uku a ta biyu. Da ya yi ta kansa, da ya shiga. Ni kuwa iska ta cinye ni tun kafin kwanar ƙarshe, ina can baya.

Da safen rana ta uku, muna cikin motar Kawu, ruwa na ɗan yayyafi, Yaya ya ce shi zai ja ni. Kawu ya juyo ya ce, "Ka san risk ɗin, kasadar da ke ciki? Wannan ce shekararka ta ƙarshe." Yaya ya ce ya sani. Zai kai ni gaba, ya kauce, in tafi in ci, shi kuma ya maƙale a bayana ya kama na uku. Mu shiga mu biyu. Kawu ya ce idan lokaci ya yi Yaya ya yi mini magana da Hausa, don kada yaran Turawa su gane. Muka yi dariya, domin Yaya ko Kaka da Turanci yake amsa wa.

Komai ya tafi yadda aka tsara. Na manne a tayar Yaya, ruwan titi na fesowa a fuskata, ina jin numfashinsa kamar zuga-zugin maƙeri. Muka sha kwanar ƙarshe mu ne a gaba. Ga layi can, fari tas. Ƙafafuna cike suke da ƙarfi, wallahi ko rabi ban taɓa ba. Yaya ya kaɗa gwiwar hannu, ya kauce hagu, ya yi ihu, "Wuce!"

Tayata ta gaba ta zo daidai da tasa. Sai na ga gefen fuskarsa, ga Kawu a bakin shinge, ga jama'a. Ban yi tunani ba, ban yanke shawara ba. Ƙafafuna ne kawai suka tsaya. Tsirrr. Kunya ce ta kama ni, irin wadda ke kama mutum idan ya ga hannunsa ya riga na babba shiga kwano.

Yaya ya waiwayo, idanunsa waje. "Wuce mana! Wuce!" Waiwayen nan shi ya ƙarasa shi. Yara suka zubo ta dama da hagu. Ko cikin goman farko ba mu zo ba.

Kawu, mai surutu kamar rediyo, ya yi tuƙi har gida bakinsa a rufe. Ni dai ina da wuri ɗaya da nake sa ran samun sanyi. Na tarar da Kaka a kan darduma, na durƙusa na ba ta labari, ina jiran ta ce Allah ya yi mini albarka.

Ta ajiye carbi ta dube ni. "Shi ya ce ka wuce?"

Na ce e.

"Da bakinsa?"

Na ce har sau uku.

Ta tafa hannu ta yi salati. "To ai ba ladabi ka yi ba, ɗan nan. Aiken ka ya yi, ka ƙi zuwa."

Ban taɓa jin maganar da ta girgiza ni kamar wannan ba. Ashe duk shekarun da nake bin bayan Yaya, tafiyar kawai na koya, ban koyi dalilinta ba.

Yaya ya rataye kekensa a baranda, bai sake saukar da shi ba har sarkar ta yi tsatsa. Bai zage ni ba, bai taɓa tayar da maganar ba, kuma wannan ya fi mini duka ciwo. Ni ina da sauran shekara a ajin, amma da wace fuska zan koma?

Yanzu yaranmu rige-rigen shiga lif suke yi, babu mai murɗe kunnen wani. Wani lokaci abin ya ba ni haushi, wani lokaci in ce ƙila gara haka. Bara Kaka ta rasu, aka binne ta a nan. Muka ɗauki makara, na gaba ya ɗan taɓa ya koma baya, wani ya karɓa, har bakin kabari. Liman ya ce jika ɗaya ya sauka ya karɓe ta. Kowa ya dubi Yaya, ni ma na ja baya kamar yadda na saba. Sai ya kauce hagu, bai ko dube ni ba, ya ce a hankali, "Wuce."

Na cire takalmi na sauka.