Ruwan da Tsoho Bai Taɓa Sha Ba

Gidanmu na Tajaye ba ya cika da maza sai da damina. Da an ɗaure gero an zuba a rumbu, babanmu da ƙannensa su kama hanyar cin rani, a bar mu da iyayenmu mata da Kaka Dije, wadda ta haifi babanmu. Lokacin ɗari na fi tunawa. Ana idar da magariba a ci tuwo, sai ta sa a jawo karan dawa a hura wuta a ƙofar ɗakinta. Mu jikoki mu kewaye, ƙafafu na gasuwa, baya na shan sanyi. Ita kuwa tana kan buzunta tana ɓarar wake.

Kaka ba ta da babbar murya, shi ya sa muke yin tsit. In ta ce, "Ga ta nan tahe, ku ba ta hanya," sai mu amsa, "Ta shigo, mun share mata wuri." Daga nan ko tari ya kama ka, haɗiye shi za ka yi.

Akwai tatsuniyar da sau biyu kawai na ji daga bakinta, ta wani saurayi mai suna Anaruwa. Rijiyar garinsu ta ƙafe, mata na kwana biyu a hanya kafin su komo da tulu guda, har manya suka fara shawarar tashi su bar kushewun iyayensu. Anaruwa ya ce shi ba zai tashi ba. Ya ji labarin wani baƙo gwanin ginar rijiya, ya je ya same shi. Baƙon ya ce kwana bakwai zai yi a garin, ba ƙari. A kwanakin nan bai bar Anaruwa ya huta ba. Ya gyara masa riƙon diga, ya nuna masa yadda ake sauka a miƙe kada rami ya rufta, da yadda ake jan numfashi in an yi nisa ƙasa. Ran na takwas ya ɗaure kayansa ya wuce.

Anaruwa ya gina rijiya bakwai, kowacce a miƙe kamar kibiya, kowacce busasshiya.

Sai wata tsohuwa ta ce ya je wurin wani dattijon makiyayi da idonsa ya fara dushewa. Dattijon bai koya masa komai ba. Cewa ya yi, "Ɗauki salkata ka biyo ni." Damina uku suna yawo a daji. Tsohon yakan tsaya ya ɗanɗana ƙasa ya tofar. Yakan zauna wuni guda yana duban inda tururuwa ke fito da danyen yashi, ko itacen da ya ƙi kaɗe ganye da rani. In Anaruwa ya yi tambaya, sai ya ba shi labarin wata shekara da ta wuce.

A nan Kaka takan ajiye ƙwaryar wakenta. Wata rana, in ji ta, suka iso wani faƙo inda ko ciyawa babu. Tsoho ya tuɓe takalmansa, ya ce wa saurayin ya kwanta ya sa kunne a ƙasa. Ya kwanta. Da fari bai ji komai ba sai bugun zuciyarsa. Can sai ya ji shi, nesa ƙwarai, kamar shanu dubu na tafiya a ƙarƙashin duniya.

Wallahi mu ma mun ji shi. Na tuna ƙanena ya ɗaga ƙafarsa daga ƙasa, don ya ɗauka ruwan na ƙarƙashinmu.

Sai Kaka ta sauya murya ta koma ta tsohon. "Yaro, shekara arba'in na san ruwan ga na nan. Ban taɓa shan shi ba. Hannuna bai iya gina ba."

Anaruwa ya ɗauki digarsa, ya yi aikin da baƙo ya koya masa. Ran da ya fasa dutsen ƙarshe, da ƙyar aka jawo shi kafin ruwa ya cim masa, kuma garin bai tashi ba.

Muka hau gardama, wa ya fi, baƙo ko tsoho? Ni ina bayan tsoho, har da kuka. Muka ce Kaka ta raba mu. Ta yi dariya ta ce, "Ni mi na sani? Ku tahi ku tambayi mai ƙishirwa. Iyakarta ke nan, wanda bai ƙoshi ba shi biɗo tashi."

Na girma na zama malamar lakwal, wato makarantar boko, a Illela. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da alli, sannan na nemi a ba ni shugabancin wata lakwal. Sai an zauna gaban manya uku sun yi wa mutum tambayoyi da baki. Sau biyu ina shiga, sau biyu harshena na ɗaurewa, in fito ban faɗi rabin abin da na sani ba. Na san in na sake faɗuwa ba zan ƙara samun ƙarfin nema ba.

Abokan aiki suka kasu biyu a kaina. Wasu suka ce in je Konni wurin Mushe Salifu, wani matashi da sana'arsa ke nan, horar da ma'aikata yadda za su tsaya su yi magana, sati shida ya sallame ka. Wasu suka ce in riƙi Hajiya Zali uwar ɗaki, tsohuwar shugabar lakwal da ta huta da aiki, wadda rabin malaman garin ta hannunta suka bi. Ban yi dogon tunani ba. Tun ina yarinya na zaɓi tsoho.

Wata biyu ina zuwa gidanta kowace Juma'a bayan la'asar. Ta ba ni labarin yadda ta shawo kan wani maigari da ya hana filin gina aji, da yadda ake yi wa malami faɗa ba a gaban ɗalibansa ba. Nakan fito kaina ya cika. Ran nan ta ce in tashi tsaye in gaya mata dalilin da ya sa nake son aikin. Na tashi, na buɗe baki, babu abin da ya fito.

Sai ta ce, "Ɗiyata, zamna. Ciwonki ba ni da maganin shi. Mu zamaninmu takarda aka aiko muna, ban taɓa zama gaban kowa ba. Tahi Konni wurin yaron ga."

Na ce, "Hajiya, korata kike yi?"

Ta ce, "Wa ya kore ki? Shi sati shida gare shi. Ni ina nan har ran da Allah Ya ɗauke ni."

A motar Konni na yi ta mamakin kaina. Shekara talatin ina riƙe da rabin tatsuniya ina cewa ita ce duka.

Mushe Salifu bai tambayi sunan garinmu ba. Ya ɗauki maganata a waya ya kunna mini, na ji yadda nake cinye ƙarshen kowace jimla. "Madam, sake," in ji shi. Na sake. "Sake. Ki dube ni, ba tabarma ba." Na ji haushinsa sosai a satin farko. Amma ran da na zauna gaban manyan nan uku, na yi magana har ɗayansu ya ajiye alƙalaminsa yana saurare.

Aka ba ni wata lakwal a wani ƙauye kusa da Dogarawa. Sati na biyu iyaye suka janye ƴaƴansu saboda saɓani da wani malami. Na tara su na yi jawabi mai kyau, irin wanda aka koya mini, babu wanda ya komo. Na kira Hajiya. Ta ce in bar jawabi, in tambayi wanda aka yi wa rasuwa kwanan nan in je gaisuwa, kada in ambaci lakwal. Na je gida huɗu. Kafin wata ya ƙare azuzuwa sun cika.

Kaka Dije ba ta taɓa taka ƙofar lakwal ba, ba ta san buro ba, wato ofis, ta rasu kafin in fara aiki. Har yau ina mamakin yadda mace mai ɓarar wake a Tajaye ta hango mini mararrabar da zan tsaya a kai ina da furfura a goshi, ta kuma ƙi zaɓa mini hanya.

Bara wata sabuwar malama ta same ni a buro, ta durƙusa ta ce tana so in riƙe ta kamar ɗiya. Na ji daɗi har zuciyata. Amma kafin in amsa sai na ce ta zauna ta faɗa mini abin da ya gagare ta tukuna, don in san ko nawa ne, ko kuwa na wani ne in nuna mata ƙofarsa.