Daga Tsafe Muka Ɗauko Hukuncin Rabi

Asuba ta gari muka bar Gusau, ni da wata lauya da direbanmu, muka ɗauki hanyar Tsafe. Ni dai ba lauya ba ce, 'yar sa-kai ce a ƙungiyar da ke bibiyar shari'un mata, kuma aikina roƙo.

Ga abin da ya fitar da mu. Wata mata mai goyo, Rabi, daga wani ƙauyen Bunguɗu, ta yi faɗa da maƙwabciyarta Kulu a kan akuya ta ci shanya. Ta ture ta, Kulu ta faɗi ta karye a hannu. Alƙali ya duba jaririn, ya ce maimakon gidan yari Rabi ta riƙa share harabar asibiti na wata biyu. Mijinta kuwa ya ce allambaram, matarsa tana kulle, ba za ta riƙe tsintsiya maza na wucewa ba. In ba a samu mafita ba kafin zaman kotu na ranar, gidan yari za ta. Kulu kuma tana jinya gidan iyayenta a Tsafe, shi ne muka ce bari mu je mu roƙe ta ta sa baki.

Damina ta yi kyau, gero ya fi mutum tsawo dama da hagu, sai dai tsayin nasa bai kwantar wa kowa da hankali ba a wannan hanya. Duk shingen jami'an tsaro da muka wuce sai direba ya sauke ajiyar zuciya. A bakin tashar Tsafe muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har lauya ta tambayi mai suyar ko da cokalin shayi take zubawa.

Mun tarar da Kulu a tsakar gida, hannu ɗaure da karan ɗori. Na jero roƙon da na kwana ina shiryawa, ban kai rabi ba ta tsayar da ni.

"Hajiya, mi za ni yi da ɗaurinta? In anka kai ta gidan yari, wa ka yi min daka? Ta taho gidana ta yi daka da wanki hal hannun ga ya warke. Katanga guda ta tsakaninmu, ba mai ganinta."

Muka kalli juna ni da lauya. Kulu ta yafa mayafi da hannu ɗaya ta riga mu shiga mota.

Muka ratsa Gusau ba tsayawa, duk da ƙamshin masarar da ake gasawa a bakin titi. Hanyar Bunguɗu ta fi sauƙi, amma kowane rami sai Kulu ta yi salati, mu kuma mu yi mata sannu.

A harabar kotu muka iske Rabi da ƙullin kayanta a gefe. Ta riga ta miƙa wa uwarta jaririn, wai ya fara sabawa. Wannan abu ya taɓa ni ƙwarai. Lauya ta gabatar da maganar, Kulu ta maimaita ta da bakinta, alƙali ya juya wajen mijin. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka shi daɗe, in dai cikin gida za ta yi aikin, na yarda." Alƙali ya amince, aka sa wata ma'aikaciyar kotu ta riƙa leƙawa gidan Kulu. Rabi ta karɓi ɗanta, ta zauna nan bakin baranda ta ba shi nono, hawaye na zuba.

La'asar ta yi mana a Gusau, ga gajiya ga yunwa, amma zuciya fes. Na gode wa Allah, na gode wa alƙalin da ya saurara. Abin da na koyo shi ne, hukuncin da ba ɗauri ba sai ya dace da rayuwar macen da aka yanke wa, in ba haka ba yana nan a takarda kawai. Kuma mu riƙa tambayar wadda aka cuta abin da take so. Mu muka je neman afuwa, ita kuwa mai yi mata daka take nema.