Batirin Da Na Naɗa Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, na tabbata zai bar mini ranar da na koyar da ilimin kwamfuta a Kazaure.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wani ofishin ilimi. An tura ni bita ta kwana uku a Kano, na dawo da jaka mai tambari da takardar shaida, shi ke nan abokan aiki suka fara ce mini Injiniya. Ni kuma saboda tsabar tawali'u ban hana su ba. Da aka kawo kwamfutoci aka ce za a horar da malaman Roni da Gwiwa da Babura, wa za a ba in ba ni ba? Har shugabanmu ya ce in na yi abin kirki, ni zan riƙe ɗakin kwamfutar.

Mako guda na yi ina haddar tarihin wani babban kamfanin Amurka mai ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato ɗan abin da ke yi mata duk lissafi. Na san injiniyoyi ne suka bar wurin aikinsu suka kafa shi. Na san da kayan adana bayanai suka fara, sannan suka ƙera wa wani kamfanin Japan ƙwaƙwalwar na'urar lissafi. Samfuransu kuwa na jera su tun daga kaka har jika, fiye da yadda na san dangin babana. Abu ɗaya tak ya rage, ƙarami ne ƙwarai: ban taɓa ganin abin da idona ba.

Ranar ɗaki ya cika, shugaba na zaune a gaba. Awa guda ina zuba. Da na ce daga yashi ake tace sinadarin da ake ƙera ƙwaƙwalwar da shi, wani malami ɗan Babura ya ce, “Ashe mu attajirai ne ba mu sani ba!” Aka yi dariya, aka tafa, kaina ya ƙara kumbura. Sai na ce bari in nuna musu a zahiri. Na kwance murfin kwamfuta ɗaya na leƙa: wayoyi, fanka, tarkace. Can na hango wani abu zagayayye yana ƙyalli. Na ce a raina, abu mai daraja ai dole ya yi ƙyalli. Na ɓamɓaro shi na ɗaga sama.

“Jama'a, ga ta nan. Wannan 'yar abar ta fi dukanmu tunani.”

Na ba da shi yana yawo hannu-hannu. Wani sai da ya goge tafinsa a riga kafin ya karɓa. Haka har ya isa kujerar baya, wurin Hajiya, tsohuwar mai buga mana takardu, wadda ban ma sa sunanta cikin ɗalibai ba. Ta juya shi, ta dube ni.

“Malam, a gafarce ni, wannan ai batir ne. Shi ke riƙe wa kwamfuta lokaci. Ni nake canza na ofis.”

“Hajiya, kama kawai suka yi,” na ce.

Shugaba ya miƙa hannu, ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa.

“Injiniya, irinsa ne a makullin motata.”

Ba wanda ya yi dariya nan take, kuma wallahi gara a ce sun yi. Hajiya ta taso a hankali, ta karɓi sukudireba, ta ɗaga fankar nan, sai ga wani ɗan abu mai kusurwa huɗu, duk ya yi dama-dama da wani farin mai, ba kyan gani ko kaɗan. Ta ce, “Ga wadda kake ba mu tarihinta.”

Ita aka ba ɗakin kwamfutar. Mako na gaba na zo da littafi da biro, na zauna a cikin ɗalibanta, ta kuwa koya mini ba tare da ta taɓa tayar da zancen ba.

Tun daga ranar na gane iya ba da labarin abu daban, sanin abin daban. Yanzu duk abin da ban taɓa da hannuna ba, ina cewa ban sani ba, kuma har yau kalmar ba ta kashe ni ba.