Taƙi Ɗaya Tsakanin Asta da Katifa

Asta gajeruwa ce. Da wannan za a fara, don duk wanda ya san ta a Batsari da shi yake farawa. In ta tsaya bakin turmi, taɓarya ta fi ta tsawo. In ta ɗauko tulu daga rijiya, wanda ke bayan katanga sai ya ga tulun yana tafiya shi kaɗai. Ba ta taɓa jin haushin wannan ba. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma gajeren hannun nan nata ba a taɓa raina matsarsa ba. Abu ɗaya tak gajartar ta jawo mata, wanda har yau da furfura a kanta, in ta tuna sai ta ajiye abin da ke hannunta. Mun daɗe muna maƙwabtaka kafin na ji shi daga bakinta.

'Yar ƙauyen Babban Duhu ce, na ƙasar Safana. Aure ya kawo ta gidan Malam Daudu kafinta, ta auri ɗansa Mannir mai gyaran babur. Malam Daudu dogo ne, irin waɗanda sai sun sunkuya suke shiga zaure. A inda Asta ta tashi, matar ɗa ba ta tsayawa a gaban uban mijinta. Da ta ji gyaran muryarsa sai ta zube ƙasa, ta ja mayafi, ta gaishe shi idonta a kan yatsun ƙafarta. Shi ma ba ya duban ta. Ya amsa yana kallon katanga, ya wuce. Shekara guda suna gida ɗaya, bai taɓa ganin ta a tsaye ba.

Da cikinta na fari ya tsufa, aka mai da ita gidan iyayenta ta haihu a can, ta yi wankan jego. Mace ta haifa, aka sa mata Zuwairatu. A cikin kwana arba'in ɗin nan Malam Daudu ya tare a shagonsa. A lokacin, aiki ya fara guje masa. Masu aurar da 'ya'ya sun koma sayo gado da kujeru daga Katsina, idonsa kuma ya fara hazo. Ya taɓa ganin gadon jariri mai shinge a gidan wani ma'aikaci da ya je gyara wa ƙofa, abin ya zauna masa a rai. Sai ya janyo katakon maɗaci da ya daɗe yana ɓoyo, ya ce jikarsa ta fari ba za ta kwana inda kunama ke yawo ba.

Shi ba ya awo da komai sai jikinsa: kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, da taƙi, buɗin babban yatsa da na tsakiya. Ya yi wa gadon dogayen ƙafafu saboda kunama da cinnaku da kaji, ya kewaye shi da shinge don kada yarinya ta mirgino. Da ya gama, ya ƙulla tsumma kamar jariri, ya rungume, ya sunkuya ya kwantar a kan 'yar katifar. Hannunsa ya isa ba wata wahala. Ya ce gado ya yi.

Ranar da Asta ta dawo, matan unguwa suka cika ɗakin suna shafa katakon. Ya yi sulɓi, ya yi ja, yana ƙamshin sabon itace. Uwar mijinta, Inna Turai, tana tsaye tana taƙama kamar ita ta sassaƙa.

“Kwana talatin yana kansa,” in ji ta. “Ko tuwo sai na bi shi da shi shago. Ni da na haifa masa bakwai, ko kujerar tsugunno bai taɓa yi mini ba sai da na yi yaji.”

Aka yi dariya, aka watse.

Wanda bai taɓa sauke goyo mai barci ba bai san irin lallaɓar da ake yi ba. Jariri in barci ya ɗauke shi nauyi yake ƙarawa, ya yi laushi kamar kwaɓin fulawa, numfashinsa yana bugun bayanka a hankali. Za a kwance majanyi ba tare da ƙullin ya yi ƙara ba, a zamo da shi ta ƙarƙashin hammata, a tallafe ƙeya da tafin hannu, a riƙe numfashi. Asta ta iya duk wannan, ta goyi ƙannenta biyar. Ta matso bakin gadon da Zuwairatu a hannu, sai shingen ya tare ta a ƙirji. Ta yi ɗage. Katakon ya danne mata haƙarƙari. Ta miƙa hannu iyakar miƙawa, har yatsun ƙafarta suna rawa, amma tsakanin bayan yarinyar da katifa saura taƙi ɗaya. Ba yadda za ta yi, ta saki. Yarinyar ta faɗa tim, ta watsa hannuwa sama, ta tsala kuka.

Haka aka yi washegari, haka aka yi jibi. Ta ɗauko kujerar tsugunno ta taka, aka sami kwana biyu lafiya. Rana ta uku kujerar ta goce a kan siminti. Allah ya sa ta ƙanƙame yarinyar a ƙirji, amma haɓarta ta daki shingen, leɓe ya fashe. Tabon yana nan.

Da Mannir ya dawo cin abincin rana ta faɗa masa. Yana cin ɗanwake, ya kusa ƙwarewa don dariya.

“To ki bari ki ƙara girma mana, Guntuwa. Ai da saura.”

“Malam, ba wasa nake ba. Ka gaya wa Baba ya rage masa ƙafa.”

“Ni? In je in ce wa Baba awonsa bai yi ba? Mutumin da ya yi wa rabin garin nan ƙofa? Ki ƙyale, in ina gida ni zan riƙa kwantar da ita.”

Ba ya gida. In ban da lokacin cin abincin rana, daga safe har magariba yana bakin tasha cikin baƙin mai.

Ta yi niyyar faɗa wa Inna Turai, bakinta ya ƙi buɗuwa. Zuwairatu 'yar fari ce, kuma uwa ba ta nuna damuwa da ɗan fari a gaban manya. Ko sunanta Asta ba ta kira, sai dai ta ce “waccan”. Ta yaya za ta tsaya gaban uwar miji ta ce 'yarta ba ta samun barci, kuma kyautar uban miji ce sanadi? Ta haɗiye. Ta koma shimfiɗa wa yarinyar tabarma da zani, ta kifa mata gidan sauro. A ƙasa kam hannunta yana isa. Yarinyar ta riƙa barci har sai an tashe ta.

Da zafin bazara ya shigo, Mannir ya fitar da gadon rumfar tsakar gida don ɗakin ya sha iska. Asta ta ga wuri ne da akuya ba ta kaiwa, sai ta cire katifar ta shanya gyaɗar da ta ɓare a ciki. Ba ta yi da wata manufa ba. Mai sana'a ce, ta ga mashanya.

Wata la'asar Malam Daudu ya shigo. Asta ta zube, ta ja mayafi. Ta ga ƙafafunsa sun zo daidai rumfar sun tsaya. Ga gado cike da gyaɗa, ga jikarsa a ƙasa kan tabarma, kaza tana kiwo kusa da kanta. Ya daɗe a tsaye. Sannan, karo na farko tun zuwanta gidan, ya yi mata maganar da ba gaisuwa ba.

“'Yar nan, gadon bai yi ba ne?”

Amsar tana kan harshenta. Ba ma sai ta yi magana ba, da ta miƙe tsaye kawai a gefen gadon, da ya gani da idonsa. Amma gwiwoyinta sun saba da ƙasa a gabansa.

“Ya yi, Baba,” ta ce. “Allah ya saka da alheri.”

“To, madalla.”

Ƙafafun suka juya suka fita.

Sauran labarin daga bakin Inna Turai ta ji shi, bayan rasuwarsa a damina ta biyu. Ashe wata rana da Asta ta tafi bikin suna Safana, tsohon ya zo ya kwashe gyaɗar a tire, ya zauna da gadon wuni guda. Ya girgiza shi, bai yi motsi ba. Ya bi kowane lungu da yatsa yana neman ƙusa ko tsinin katako, bai samu ba. Ya sake ƙulla tsummansa ya kwantar, hannunsa ya isa. Sai ya mai da gyaɗar yadda ya same ta, ya ce wa matarsa, “Turai, akwai aibi a gadon nan, yarinyar kunya ta hana ta faɗa. Ni kuma idona ya daina ganin aibi. Kafintan da ba ya ganin aibin aikinsa ya gama.” Ranar ya rataye zartonsa a ƙusa, bai ƙara sauke shi ba.

“Wai don Allah mene ne aibin?” Inna Turai ta tambaye ta.

Asta ta faɗa mata. Tsohuwar ta dube ta daga sama har ƙasa, abin da ba ya ɗaukar lokaci, ta dafe kai.

“Wannan kaɗai? Ke ko Asta! Aikin da ba zai kai tafasar ruwan shayi ba?”

Asta ta ƙara haihuwa biyar. Ba wanda ya kwanta a gadon. Aka tura shi ɗakin ajiya, ya riƙe tsofaffin kwanuka da ƙura shekara da shekaru, ba ta iya kallon sa kuma ba ta yarda a bayar ba.

Zuwairatu ta tashi doguwa, tsawon kakanta ta ɗauko. Ta yi aure a Safana, bara ta dawo gida haihuwar fari. Namiji ne, aka mai da sunan marigayin, don haka duk mutanen gidan “Baba” suke ce masa. Kwana uku bayan suna, Asta ta sa aka fito da gadon, ta wanke shi, jan maɗacin ya dawo kamar jiya aka goge. Ta shiga tsohon shagon ta sauko da zarton, ta shafa masa man gyaɗa. Ta buɗe yatsunta a ƙafar gadon, taƙi ɗaya nata da ɗan ƙari, ta ja layi da gawayi.

Mannir, wanda shi ma gemu ya yi fari, ya fito ya gan ta.

“Guntuwa, aikin Baba za ki yanka? Ai ita Zuwaira hannunta yana isa.”

“Ni nawa ba ya isa. Riƙe mini nan.”

Ya durƙusa ya riƙe. Ƙafa huɗu, guntaye huɗu suka faɗi ƙasa. Ruwan wankan jego da ke kan murhu bai ko fara tururi ba.

Da hantsi yaron ya yi barci a bayanta. Ta kwance majanyi, ta zamo da shi ta ƙarƙashin hammata, ta tallafe ƙeya. Shingen ya tsaya mata a ƙugu. Ta sunkuya, ƙafafunta a shimfiɗe a ƙasa, har bayan hannunta ya taɓa katifa. Ta zare hannun a hankali. Yaron ya tsotsi leɓensa sau biyu, ya ci gaba da barci.

Ta tsaya a kansa, a tsaye, ba mayafi a fuska.

“Baba,” ta ce ƙasa-ƙasa, “gadon ya yi. Tsawo kawai ya yi mini.”

Guntayen nan huɗu suna kan tagar ɗakinta. Na gan su. An sha ce mata ta sa su a murhu, maɗaci yana ci da kyau. Sai ta ce a bar su.