Mutum Ɗaya, Fayil Uku

Wata rana wani dattijo mai sayar da rake ya tsaya a tagar ɗakin kati na wani asibiti, yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage.

Sabi'u ne a bayan tagar. Shekararsa tara a wurin, kuma kowa ya san shi da zafin nama. Kafin azahar ya share layin da wani zai kai la'asar yana fama da shi. Yana ji da wannan, har yakan yi wa abokan aikinsa tsiya da shi.

Ba ya ɗaga kai. Tambayarsa kalma ɗaya ce: "Suna?"

Dattijon ya ce, "Haladu Isiyaku."

Sabi'u ya buɗe fayil, ya miƙa masa ƙaramin katin da ke ɗauke da lambarsa. Likita ya gan shi, aka karɓi majinarsa da jininsa, aka ce ya dawo bayan mako guda.

Sakamako ya fito kwana uku bayan nan. Tarin fuka ne, ya fara cin jiki, amma yana da magani, kuma maganin na nan jibge a asibitin. Likita ya rubuta da jan biro: a fara ba shi magani ranar da ya dawo, kada a jinkirta.

Aka saka takardar a fayil, aka mayar da fayil kan kantar da ake jera fayiloli.

A gida kuwa, an wanke rigar Malam Haladu da katin a aljihu. Ya narke.

Ranar komawa ba ya iya tsayuwa a layi. Matarsa, Iya Tabawa, ta kwantar da shi a kan benci ta je ta bi masa.

"Kati?"

"Ya lalace a wanki, ɗan nan."

"Suna?"

Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe baki. Duk wanda ya tashi a gaban iyayenmu na da ya san wannan shirun. Ba sa kiran sunan miji.

Can ta ce, "Mai Rake ake ce masa."

A asibitin nan, in kati ya ɓace, neman tsohon fayil sai ya ci minti ashirin, buɗe sabo kuwa minti biyu. Ga layi har bakin ƙofa. Kowa sabo yake buɗewa, ba Sabi'u kaɗai ba, kuma ba wanda ya taɓa ganin laifin hakan.

Ya rubuta: Malam Mai Rake.

Wani likita ne daban a ranar. Ya ga fayil fari fat, sai ya ɗauka yau aka fara zuwa. Ya rubuta gwajin majina da na jini, a dawo bayan mako biyu don injin gwajin na da matsala.

Suka dawo da katinsu a ƙulle a bakin zani. Aka nemi fayil ɗin Mai Rake sama da ƙasa, babu shi, yana cikin tulin da aka zube a bayan ƙofa ba a jera ba.

Sabi'u ya ja tsaki, ya jawo sabo.

"Suna?"

A ganin Iya Tabawa, wancan sunan ne bai karɓu ba tunda ga shi an rasa takardar. Sai ta canza. "Baban Uwani."

Aka sake zuƙar jinin mutumin da jinin ma ya ƙare masa. Karo na uku ke nan.

Wallahi duk lokacin da na zo nan a labarin sai raina ya ɓaci. Gwaji uku, allura uku, zuwa uku daga ƙauye a bayan mota, alhali amsar na kwance a kan kanta, taku biyar daga kujerar Sabi'u.

Malam Haladu bai kai ranar zuwa na huɗu ba. Ya rasu a gida, ranar wata Laraba da hantsi.

Sabi'u bai sani ba. Layinsa ya ci gaba da tafiya da sauri.

Bayan Iya Tabawa ta fita takaba, sai ga ta a tagar, ita da 'yarta Uwani.

Uwani ce ta yi magana. "Malam, sakamakon gwajin babanmu muka zo karɓa. Ya rasu. Iya ce ta matsa tana son ta san abin da ya yi ajalinsa."

Ran nan Sabi'u ya ɗaga kai.

Uwani ta faɗi cikakken sunan, ya tashi ya nema. Cikin minti goma sha biyar ya same shi. Ya buɗe, ya ga jan biro, ya ga kwanan wata. Mako bakwai cif kafin rasuwar.

Ta miƙo masa katuna biyu da uwarta ta adana. Ya tone tulin bayan ƙofa har ya zaƙulo sauran. Ya jera su a tebur: Haladu Isiyaku, Malam Mai Rake, Baban Uwani. Ƙauye ɗaya, shekaru ɗaya, kuma duka rubutun hannunsa ne.

 Da kyar ya ce, "Iya, me ya hana ki faɗa min sunansa tun farko?"

Ta dube shi, ba faɗa ba tsawa.

"Ɗan nan, shekara arba'in da ɗaya muna tare ban taɓa kiran sunansa ba. Da ka tambaye ni ko ya taɓa zuwa, ai wannan zan iya faɗa."



Ta nuna takardar. "Ciwon yana da magani?"

Ya so ya yi mata ƙarya, bakinsa ya ƙi. Ya ce, "Yana da shi, Iya."

"A nan?"

"A nan."

Ta jinjina kai a hankali. "Allah sarki. Ashe muna ta wuce shi."

Ta kama hannun 'yarta suka tafi, takardar ma ba ta karɓa ba. Sabi'u ya rufe taga ya yi kuka, mutane na ƙwanƙwasawa bai ji ba.

An ce yanzu ba ya buɗe sabon fayil sai ya tambayi ko an taɓa zuwa, da garin da aka fito, da sunan da ake kiran mutum a gida. Tulin bayan ƙofa ma shi ya jera shi a ranakun hutunsa. Layinsa ya rage gudu, ana ta ƙorafi. Iya Tabawa dai ba ta sake zuwa asibitin ba.

Darasi: Sauri daban, gama aiki daban. Aikin da aka yi sau uku saboda an ƙi tsayawa a duba na farko ɓarna ce, kuma a asibiti ba takarda da allura kaɗai ake ɓarnatarwa ba, har da kwanakin mutum. In kana zaune a bayan wata taga, ka ɗaga kai ka ƙara tambaya ɗaya.

Don Allah ku tura wa duk ma'aikacin lafiyar da kuka sani, daga mai ba da kati har likita. Allah ya jiƙan iyayenmu.